Kafaɗar da Allura Ta Raunata: Lacca a kan Diyyar Raunin Rigakafi a Shari'ar Amurka

 



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta a yau, wanda ya ji ta daga nesa zai ɗauka ƙarama ce, domin ba ta wuce zancen kafaɗa ɗaya da tsinin allura ɗaya ba. Amma wanda ya zauna ya bi diddiginta zai tarar ta tattaro likitanci da shari'a da siyasar mulki wuri guda, har ta kai ga tambayar da fuƙaha'unmu suka daɗe suna tattaunawa, wato wane ne ke ɗaukar lamuni idan an cuci mutum a cikin aikin da aka nufi alheri da shi. Mas'alar ita ce neman diyya a gaban shari'a saboda raunin kafaɗa da ke biyo bayan allurar rigakafi. Zan tsaya a ƙasar Amurka, domin a can ne wannan al'amari ya samu doka tasa da kotu tasa da asusu nasa, kuma a can ne aka yi jayayya a kansa a fili. Zan bi maganar a kan matakai shida.

Na farko: raunin kansa

Kafin mu shiga kotu, wajibi ne mu fara shiga jikin ɗan Adam, domin alƙalin da bai san inda ciwo yake ba, da me zai yi hukunci? Akwai tsoka mai kauri wadda ta lulluɓe kafaɗa ta gangaro zuwa damtse, kuma a cikinta ake so ruwan allura ya zauna. A samanta akwai ƙashin da kowa zai iya taɓawa da yatsansa a ƙololuwar kafaɗa. A ƙarƙashin wannan ƙashi kuwa Allah Ya halicci wata 'yar jaka mai ɗan ruwa, da jijiyoyi masu riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa, aikin jakar shi ne ta hana gogayya, kamar man da ake ɗiga wa ƙyauren ƙofa don kada ya yi ƙara. Ƙa'idar masu allura ita ce a auna faɗin yatsu biyu ko uku daga wannan ƙashi zuwa ƙasa, a soka a tsakiyar tsoka inda ta fi kauri, a miƙe, ba a karkace ba, da allurar da tsawonta ya dace da jikin mutum. Idan hannu ya hau sama fiye da kima, ko allura ta yi tsawo ga mai siririn jiki, sai tsininta ya zarce tsoka ya faɗa cikin jakar nan ko cikin mahaɗar gaɓar kanta, ruwan da aka yi shi musamman don ya tayar da garkuwar jiki ya zuba a wurin da ba a so a tayar da komai, daga nan kumburi ya kama.

Kowa a cikinmu ya san tsamin damtse na kwana ɗaya ko biyu bayan allura, kuma wannan ba shi ake nufi ba. Abin da ake nufi ciwo ne da ke somawa a ranar ko washegari, ya ƙi tafiya, mako ya wuce, wata ya wuce, hannu ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa, wani lokaci gaɓar ta sanƙare gaba ɗaya. Ku dubi mace wadda ta kasa kai hannu ƙeyarta ta ɗaura ɗankwali, sai 'yarta ta ɗaura mata. Wadda ta kasa ɗaukar tukunya daga kan murhu. Wadda da dare in ta juya ta kwanta a ɓangaren nan sai ciwo ya tashe ta. Ku dubi magidanci da ya tsaya zai yi kabbarar harama, hannu ɗaya ya tashi, ɗayan ya tsaya a hanya. Magani kuwa yakan ɗauki lokaci: gashi da motsa gaɓa na watanni, allurar rage kumburi a cikin mahaɗar, wasu kuma sai an kai ga tiyata.

Sau da yawa asalin kuskuren abu ne da ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Mutum ya zo da riga mai matsattsen hannu, ya ƙi naɗe ta, ya jawo wuyan rigar ƙasa, sai ya zamana ƙololuwar kafaɗa kaɗai ke a buɗe. Ko kuwa shi yana zaune, mai allura yana tsaye a kansa, ya soko daga sama. Likitoci biyu, Bodor da Montalvo, sun ba da rahoton mutum biyu masu irin wannan ciwo a 2007. A 2010 kuma Atanasoff da abokan aikinta, waɗanda likitoci ne na hukumar da ke duba ƙararrakin diyya, suka tattara bayanin mutum 13 suka buga, daga nan sunan SIRVA ya kama wannan rauni. Ina roƙon ku riƙe abu ɗaya daga wannan mataki, domin za mu bukace shi a gaba: illar tana tasowa ne daga wurin da aka zuba maganin, kuma abu ne da ake iya kauce masa.

Na biyu: yadda aka kafa dokar

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, ƙararraki suka yi wa kamfanonin haɗa rigakafi yawa a Amurka, galibi a kan allurar da ta haɗa mashaƙo da tarin lala da sarƙewar haƙora. Iyaye suna cewa ta lalata ƙwaƙwalwar 'ya'yansu, kotuna suna yanke kuɗi masu nauyi, farashin allura yana hawa, kamfanoni suna janye jiki ɗaya bayan ɗaya, har hukuma ta ji tsoron ranar da za a wayi gari babu mai yin maganin. Su kuma iyayen, mafi yawansu ba su samu komai ba, domin tabbatar da laifin kamfani a kotu aiki ne mai cin shekaru da dukiya. Da ɓangarorin biyu suka ga kowa asara yake yi, majalisar dokoki ta zartar da doka a 1986, shugaba Ronald Reagan ya sa mata hannu a watan Nuwamba, aka fara karɓar ƙara a ƙarƙashinta a watan Oktoba na 1988.

Ruhin dokar sulhu ne. An ce wa wanda ya cutu: ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, ka nuna rauninka kawai da alaƙarsa da allura, a biya ka. An ce wa kamfani da mai yin allura: ba za a ja ku kotun gama-gari ba sai mai ƙara ya fara bi ta wannan ƙofa. Kuɗin kuwa daga harajin santi 75 ne a kan kowace cuta da allura ke karewa, saboda haka allurar mura tana biyan santi 75, wadda ta haɗa ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus tana biyan dala 2 da santi 25, duk a zuba a asusu guda. Daga kafa shi zuwa yau an biya abin da ya kai wajen dala biliyan 5, kuma har yanzu akwai biliyoyi a ajiye. Kotun ƙoli ta ƙara wa kamfanoni kariya a 2011, a shari'ar Bruesewitz da kamfanin Wyeth, inda ta ce ba a ƙarar su a kan cewa tsarin haɗa maganin ne da kansa ke da aibi.

Masu dokar yara suke tunani, sunanta ma na yara ne. Amma a 2005 aka shigar da allurar mura cikin waɗanda asusun ya lamunce, alhali miliyoyin manya ne ke karɓarta kowace shekara, a asibiti da kantin magani da wurin aiki. Daga nan fuskar masu ƙara ta sauya, manya suka rinjayi yara, kafaɗa kuma ta rinjayi sauran raunuka.

Na uku: yadda ake shigar da ƙara, da sharuɗɗanta

Ana kai ƙara ne kotun da'awowin tarayya da ke birnin Washinton, wanda ake ƙara kuwa shi ne sakataren ma'aikatar lafiya, lauyoyin ma'aikatar shari'a su tsaya masa, likitocin gwamnati su duba takardun asibiti su ba da ra'ayi. Masu yanke hukunci wasu alƙalai ne na musamman, waɗanda doka ta ƙayyade adadinsu kada ya wuce 8. Kuɗin shigar da ƙara kimanin dala 400 ne. Ba a sharɗanta zama ɗan ƙasa ba. Baƙon da aka yi wa allura a cikin Amurka yana da wannan haƙƙi, kuma wannan ya shafi 'yan uwanmu mazauna can, musamman da yake mai neman izinin zama na dindindin dole ne ya cika alluran da aka gindaya masa.

Ginshiƙin tsarin wani jadawali ne da ya jera allurai, da raunukan da aka yarda kowace na iya haifarwa, da lokacin da ake sa ran alamar ta bayyana. Wanda rauninsa ya dace da jadawali, shari'a tana ƙaddara cewa allurar ce sanadi, nauyin kawo hujja ya koma kan gwamnati in tana da ja. Wanda bai dace ba, shi zai kawo ƙwararren likita ya bayyana yadda allura za ta iya jawo abin, da yadda ta jawo shi a jikinsa, da dacewar lokaci, wannan kuwa hanya ce mai tsawo. Ɗalibanmu na fiƙihu sun san girman wannan bambanci, domin rabin shari'a yana ga sanin wanda hujja ta hau kansa. Bayan cibiyar nazarin likitanci ta ƙasar ta tabbatar, a rahoton da ta fitar a 2011, cewa allura na haifar da kumburin jakar kafaɗa, an shigar da raunin cikin jadawali, ya fara aiki ranar 21 ga Maris 2017.

Sharuɗɗansa huɗu ne: kada ya zamana mutum yana da tarihin ciwo a wannan kafaɗa wanda zai iya bayyana halin da yake ciki, ciwon ya soma cikin awa 48 da yin allura, ciwon da ƙarancin motsin su tsaya a kafaɗar da aka soka, kuma kada a samu wata cuta dabam, kamar ta jijiyoyin wuya, da za a jingina wa abin. Bayan waɗannan akwai sharaɗin tsanani, wato illar ta wuce wata 6, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Akwai kuma wa'adi: shekara 3 daga ranar da alama ta fara bayyana, ko da mutum bai san allura ce ta jawo ba.

A nan zan ɗan dakata, domin a nan ne haƙƙin mutane da yawa ke salwanta. Wane ne a cikinmu zai ruga asibiti don damtsensa ya yi tsami kwana biyu bayan allura? Mai allurar da kansa ya ce maka zai yi ciwo, ka yi haƙuri. Sai mutum ya daure, ya shafa man zafi, ya sha maganin ciwon jiki, wata biyu ko uku su wuce kafin ya ga likita. Da ya je kuma aka tambaye shi yaushe abin ya soma, sai ya ce an ɗan kwana biyu, likita ya rubuta abin da ya ji. Bayan shekara biyu lauyan gwamnati ya buɗe wannan takarda ya ce: ina awa 48 a nan? Wani kuma takardar allurarsa ta ce hannun hagu, alhali na dama aka soka, saboda akawun ya danna abin da ya saba dannawa. Alƙalan kotun sun san ɗabi'ar mutane, sukan karɓi rantsuwar mai ƙara da shaidar iyalinsa da saƙonnin wayar da ya aika a lokacin, sun kuma sha yanke cewa jinkirin zuwa asibiti shi kaɗai ba ya rushe ƙara. Amma takardar da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa ita ce mafi nauyi a ma'auninsu. Abin da ke damuna a wannan wuri shi ne mai juriya da mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba shi da kuɗin ganin likita da wuri, su ne suka fi shiga hatsarin rasa haƙƙinsu, alhali su ne suka fi bukatarsa.

Na huɗu: abin da ake biya

Ana biyan kuɗin maganin da inshora bai ɗauka ba, na baya da na gaba. Ana biyan abin da mutum ya rasa na albashi ko sana'a. Ana kuma biyan raɗaɗi da wahala, amma wannan na ƙarshe an yi masa iyaka a dala 250,000. A raunin kafaɗa abin da aka fi yankewa yana kamawa daga gomman dubban daloli zuwa sama da 100,000 ga wanda aka yi wa tiyata ko ciwonsa ya daɗe. Mafi yawan ƙararrakin da aka biya sun ƙare ne ta hanyar daidaitawa ko amincewar gwamnati, ba tare da zaman sauraro ba. Lauya ba ya yankar kaso daga kuɗin mai ƙara. Asusu ne ke biyansa dabam, har ma in ƙarar ta faɗi, muddin an shigar da ita da kyakkyawar niyya da dalili mai kama hankali. Wannan tanadi ina ganinsa daga cikin mafi kyawun abin da ke cikin dokar, domin shi ya sa talaka ke samun mai tsaya masa.

Aibi biyu kuwa a bayyane suke. Iyakar nan ta 250,000 tun 1986 ba a taɓa ta ba, darajarta a yau ba ta kai rabin ta wancan lokaci ba. Sannan jinkiri: tsarin da aka gina don ya yi sauri, ƙararraki sun haura 1,000 a shekara, alƙalai suna nan 8, mutum yakan jira shekara biyu ko uku. An sha gabatar da ƙudurori a majalisa don a gyara duka biyun.

Na biyar: jayayyar 2020, da abin da fiƙihu ke cewa

Yanzu mun iso zuciyar maganar. A watan Yuli na 2020 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a cire raunin kafaɗa, tare da suma bayan allura, daga jadawali. Hujjarta ba ta banza ba ce, kuma adalci ne mu faɗe ta da ƙarfinta. Ta ce an kafa asusun ne don illar da ke cikin maganin, wadda ba yadda za a yi a kauce mata, raunin kafaɗa kuwa kuskuren hannun mai allura ne; ta ce ƙararrakin kafaɗa sun haura rabin dukan abin da ake shigarwa, suna danne na yaran da aka yi dokar dominsu; ta ce kuma muddin asusu ne ke biya, mai allura ba ya jin zafin kuskurensa, don haka ba abin da zai sa ya gyara. Kwamitin da ke ba ma'aikatar shawara ya ƙi amincewa, ƙungiyoyin likitoci da na masu harhaɗa magunguna suka yi ja. Duk da haka aka buga dokar cirewa a watan Janairu 2021, a kwanakin sauyin gwamnati. Sabuwar gwamnati ta dakatar da ita, ta soke ta a watan Afrilu, raunin ya ci gaba da zama a jadawali.

To, wa ke da gaskiya? Malamaina da ke zaune a gaba za su ga cewa wannan saɓani ba baƙo ba ne a gare mu. Fuƙaha'u sun bambanta tsakanin jahilin da ya shiga aikin magani ba da sani ba, wanda lamuni ke kansa, da gwanin da aka yi wa izini ya bi ƙa'ida amma ƙaddara ta rinjaya, wanda ba a bin sa komai, da kuma gwanin da hannunsa ya zarce inda ya kamata ya tsaya. A kan wannan na uku Ibn Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin diyya, jumhuru kuma suka ɗora ta a kan aƙila, wato dangin mai kuskure da ke haɗa hannu su biya. Mai allurar da ya soka sama da kima yana cikin wannan kashi na uku. An ruwaito kuma cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya kafa diwani ya mayar da wannan nauyi kan mutanen diwani guda, wanda ke nuna cewa dalilin hukuncin shi ne taimakekeniya, ba jini kaɗai ba; wanda ba shi da aƙila kuwa baitulmali ke tsaya masa. Asusun santi 75 bai yi nisa da wannan ma'ana ba. Haka nan sharaɗin wata 6 yana tuna mini ƙa'idar Malikiyya ta jinkirta hukuncin rauni har ya warke a ga abin da ya bari, kuma ƙiyasta raɗaɗi da alƙalan can ke yi ya yi kama da abin da muke kira hukuma a raunin da nassi bai yanke masa adadi ba.

Amma kada mu yi gaggawar cewa fiƙihu ya goyi bayan ɓangare guda. A mazhabarmu aƙila ba ta ɗaukar abin da bai kai sulusin diyya ba. Ƙaramin rauni a dukiyar mai kuskure yake, kuma hikimar a fili take, don kada mutum ya yi sakaci yana dogaro da aljihun wasu. Wannan ita ce ainihin hujjar ma'aikatar lafiya ta uku.

Ra'ayina, wanda na tsaya a kai bayan auna ɓangarorin, shi ne barin raunin a jadawali ya fi kusa da adalci. Dalilina na farko, wanda aka yi wa allurar mura bai miƙa hannunsa don kansa kaɗai ba. Hukuma ce ta kira shi, wani ma wurin aikinsa ne ya wajabta masa, don a kare tsoho da jariri da majinyacin da bai san su ba. Jama'ar da ta ci amfanin hannunsa, da wane ido za ta ce masa ya je ya nemi wanda ya soke shi su ƙarata? Na biyu, ƙarar ma'aikacin lafiya a kotun gama-gari tana cin kuɗin da sau da yawa ya fi ƙarfin abin da za a samu a raunin kafaɗa, lauya ba zai karɓa ba, natijar cirewa ita ce yawancin masu rauni su tashi a tutar babu. Na uku, ranar da aka fara jan masu allura kotu ɗaya bayan ɗaya, kantunan magani za su fara tunanin ko aikin ya cancanci hatsarinsa, a koma gidan jiya, ga matsalar da ta haifi dokar tun farko.

Sai dai hujjar nan ta uku ta ma'aikatar tana nan daram, soke dokar bai amsa ta ba, kuma ba na so mu rufe ido a kanta. Rauni ne da faɗin yatsu uku ke hana shi. Asusu yana biyan miliyoyi kowace shekara, alhali hukuncin kotu ba ya ɗora wa wanda ya yi allurar komai, yana iya yiwuwa ma ya ci gaba da soka ta a inda ya saba ba tare da ya taɓa jin labarin wadda ya raunata ba. Shin ya halatta a mayar da diyya madadin gyara? Abin da nake gani shi ne a biya mai rauni daga asusu ba tare da wahalar da shi ba, sannan a mayar da labari ga wurin da aka yi allurar, a sake horar da hannun da ya kuskure, ba don a tozarta shi ba. Malaman asibitin da ke cikinmu sun san yadda ake aikin rigakafi a ranar cunkoso, layi ya miƙe, rana ta take, mutum ɗaya ya yi wa ɗaruruwa. Wanda ke cikin wannan hali ya fi bukatar kujera da horo da hutu a kan barazana.

Na shida: iyakar tsarin, da inda ya taɓo mu

Ba kowace allura ce asusun ya lamunce ba. Ta cutar shawara, wadda matafiya ke karɓa, ba ta ciki. Alluran korona kuwa an ajiye su a wani tsari dabam da ya samo asali daga dokar 2005 ta halin gaggawa, inda wa'adi shekara 1 ne, ba a biyan lauya, ba a biyan raɗaɗi, ba kuma kotun da za a ɗaukaka ƙara gare ta. Mutum biyu za su iya samun rauni iri ɗaya, a kanti ɗaya, daga hannu ɗaya, ɗaya ya samu kotu da lauya, ɗayan ya samu takardar cikewa. Ban ga fuskar adalci a wannan ba. A Birtaniya, dokar 1979 tana biyan fam 120,000 a dunƙule, amma sai nakasa ta kai kashi 60 cikin 100, matakin da ciwon kafaɗa da wuya ya kai.

Mu kuma fa? Mafi yawan rigakafinmu na yara ne, jarirai kuwa a cinya ake yi musu, amma manya ma suna miƙa damtse: maniyyata aikin Hajji don allurar sanƙarau, mata masu juna biyu don ta sarƙewar haƙora, da dubban da suka karɓi ta korona. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa tsarin diyya ba tare da neman mai laifi ba ga ƙasashe 92 da suka karɓi alluran korona ta shirin COVAX, Nijeriya da Nijar suna ciki, ko da yake an keɓe shi ga mummunan rauni mai barin nakasa ko rasa rai. Ina tambayar zauren nan: mutum nawa ne a cikinmu suka ji labarinsa a lokacin da ake kiran jama'a su fito?

Mun kuma san abin da rashin amana ke jawowa. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ko da yake magani ne ba rigakafi ba, sai a 2009 aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar a kansa, kuma yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wasu jami'ai suna tsoron cewa ambaton illa zai kori jama'a. Ni ina ganin akasin haka ne: mutumin da aka gaya masa gaskiya, cewa amfanin allura mai yawa ne, illarta kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da miliyoyin da ake yi wa, kuma in ta same shi ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya fi saurin naɗe hannun rigarsa a kan wanda aka ce masa babu komai, sannan ya ga maƙwabciyarsa ta kasa ɗaga hannu. Lauyoyinmu da malaman fiƙihu da likitoci suna da kayan aikin da za su zauna su tsara mana irin namu, gwargwadon ƙarfin baitulmalinmu. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya bukatar doka: mai allura ya zauna daidai da wanda zai yi wa, a buɗe damtse gaba ɗaya, a laluba ƙashi a auna, a rubuta ranar da hannun da aka soka a kati, wanda kuma ciwonsa ya wuce 'yan kwanaki yana ƙaruwa ya koma asibiti ya faɗi ranar da abin ya soma.

Ya shugaban zama, a nan zan dakata.  Na san a cikin zauren nan akwai alƙalai da likitoci da za su so su ja ni a kan mas'alar sulusin diyya ko a kan sharaɗin awa 48, akwai kuma ɗalibai masu tambayoyi a rubuce. Ina maraba da su duka, sai shugaba ya ba da izini a fara.